Yadda ake buga ƙaramin littafi mai ninki daga Microsoft Word

Ƙaramin littafi mai ninki shi ne wanda ake buga shafukansa a kan takardu, a ɗora su bisa juna, a ninke su biyu, sannan a manne tsakiyarsu da sitefula. Da irinsa ake fitar da jadawalin taro da ƙasidun makarantu da tsarin mulkin ƙungiyoyi.

Tushen aikin lissafi ne. Kowace takarda tana ɗaukar shafi 4, biyu a gaba, biyu a baya. Takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, idan aka ninke ta sai ta koma girman A5, wato milimita 148 da 210. Don haka tilas jimillar shafukan ta rabu da 4 ba saura, kamar 8 ko 12 ko 16. Rubutu mai shafi 10 zai fito da shafi 2 fayau.

Shafukan ba sa bin juna a kan takarda. A littafi mai shafi 8, takardar waje tana ɗauke da shafi na 8 da na 1 a fuska guda, na 2 da na 7 a bayanta. Ta ciki kuwa tana ɗauke da na 6 da na 3, sai na 4 da na 5. Duk shafuka biyu da ke gefen juna jimillarsu 9 ce, kuma da wannan ake gane ko jerin ya yi daidai.

Manhajar Word tana yin wannan jeri da kanta. Ana shiga Layout, a buɗe akwatin Page Setup, a ƙarƙashin Multiple pages a zaɓi Book fold. Nan take takardar za ta koma a kwance. Sashen Gutter shi ke ƙara fili a wajen ninki, don kada rubutu ya shige lungu. Ya fi kyau a yi wannan saiti kafin a fara rubutu, domin sauya shi daga baya yana hargitsa hotuna da jadawali. A LibreOffice Writer kuwa, ana zaɓar Brochure a akwatin bugawa.

Inda aka fi asarar takarda da tawada shi ne wajen bugawa gaba da baya. Wajibi ne a umarci firinta ta juya takarda ta gajeren gefe. Idan ta juya ta dogon gefe, shafukan baya za su fito kai a ƙasa. Gwaji da takarda guda kafin a buga kwafi da yawa yana kawar da wannan hasara.

Mai rubutun Hausa kuma yana da ƙarin hattara: ba kowane salon haruffa ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Mayar da aikin zuwa PDF kafin a kai shi shagon bugawa yana tsare haruffan da tsarin shafukan yadda aka shirya su.