Sinadarin ABA: abin da ke sa hatsi ya daina tsawo in ruwa ya ɗauke

Kowane manomi ya san wannan. Tsakiyar damana ruwa ya ɗauke kwana goma ko sha biyar, hatsi ya tsaya cak kamar an hana shi girma. Amma in ka tona gindinsa, sau da yawa za ka tarar saiwa na ci gaba da nutsawa. Akwai wani sinadari da tsiro ke haɗawa a jikinsa wanda ke da hannu a wannan aiki. Masana na ce masa asid absisik, a taƙaice ABA.

A 1963 ne Frederick Addicott da abokan aikinsa suka ciro shi daga ƴaƴan auduga a Kaliforniya ta Amurka. Da farko an zaci aikinsa zubar da ganye da ƴaƴa ne, daga nan sunan ya samo asali. Daga baya aka gano cewa babban aikinsa yana wajen ƙishirwa.

In ƙasa ta bushe, ABA na ƙaruwa a saiwa da ganye. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi, ido ba ya ganinsu, ta nan ruwa ke fita. ABA ne ke sa su rufe. Sai girman kara da sabon ganye ya ragu, don ganye mai faɗi ruwa yake sha.

A ƙasa kuwa labari ya bambanta. Robert Sharp da ƴan ƙungiyarsa a jami'ar Misuri sun gwada da ƙananan tsiron masara a 1990. Da suka hana tsiron haɗa ABA cikin busasshiyar ƙasa, sai uwar saiwa ta rage tafiya ƙwarai. Daga baya suka nuna dalili: ABA na danne wani sinadari, etilen, wanda in ya yi yawa yake tsai da saiwa. Wato abu guda ne ke ce wa kara "dakata", ya ce wa saiwa "bi laima". Sai dai komai da awo. In ƙasa na da ruwa kuma ABA ya yi yawa, saiwar ma tsayawa take.

Wannan dabara ba kyauta ba ce. Ta ƙofofin nan ne iskar da tsiro ke haɗa abinci da ita ke shiga, in sun daɗe a rufe zangarniya za ta fito ƙarama.

A 2010 masu bincike na ICRISAT a Indiya, cibiyar nan da ke da tasha a Sadore kusa da Yamai, sun auna ire-iren hatsi. Waɗanda ke jure ɗaukewar ruwa a ƙarshen damana sun fi ABA a ganye tun ƙasa na da laima. Suna tsimin ruwa da tsakar rana, sai ya rage musu a ƙasa lokacin cikar ƙwaya.