Kyanwa a Gidajen Daura

Duk wanda ya bibiyi tarihin ƙasar Daura, tun daga labarin rijiyar Kusugu har zuwa zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, zai tarar an yawaita zancen dawakan fada da shanun makiyaya, alhali kyanwa, wadda ke gadin rumbunan gero da dawa daga birni har Zango da Baure, ba a cika ambatonta ba.

Abin da ya tsare mata haƙƙinta shi ne karatun zaure. Malamanmu, bisa mazhabar Imamu Malik, sun karantar cewa sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne, alwala ta halatta da shi, hujjarsu kuwa hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa. Kana sun tsoratar da almajirai da ƙissar matar da ta shiga wuta domin ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi arzikinta ba. Ci da shanta suka zama amana a wuyan mutanen gida.

Matan gida ne suka fi riƙon wannan amana, domin uwargidan da ta saba ganin magenta ta ɗan lashi ruwa a gindin randa ta wuce, in ta ga ta tare a wurin safe da yamma, gashinta ya yamutse, ƙashin bayanta ya fito, takan gane ba lafiya ba. A ganina wannan lura ilimi ce, kuma likitocin dabbobi sun gaskata ta. Kyanwa asalinta dabbar busassun ƙasashe ce, mafi yawan ruwan jikinta daga naman ɓera take samunsa. Saboda haka matsananciyar ƙishirwa gare ta, musamman in ta manyanta, takan nuna ciwon ƙoda ko na sukari, ƙin cin abinci na 'yan kwanaki kuwa yana iya taɓa mata hanta.

Da Turawa suka zo, suka kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom a 1924, himmarsu ta tafi ga cutar bushiya da ta karkashe shanu, kasancewar jangali na cika baitulmali. Malaman dabbobi suka bi rugage da allura, kyanwa kuwa, da ba a biya mata haraji, aka bar ta a hannun matan gida.