Basal gangiliya: Sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe da birkin motsin jiki

Idan ka yi niyyar kai kofi bakinka, umarnin yana tasowa ne daga ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar da ta lulluɓe ta, ya gangara ta laka zuwa tsokokin hannu. Amma kafin ya fita sai an tantance shi. Masu wannan aiki wasu curarrun ƙwayoyin jijiya ne da ke can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, waɗanda likitoci ke kira basal gangiliya. Ba su ke motsa tsoka ba. Aikinsu shi ne su ba motsin da kake so hanya, su danne sauran.

Yadda suke aiki

Saƙon yana yin zagaye ne. Daga ɓawon ƙwaƙwalwa ya shiga basal gangiliya, daga nan zuwa wata tashar saƙonni mai suna talamus, sannan ya koma inda ya fito. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ko kana zaune ba ka komai, basal gangiliya na take da birki a kan talamus. Idan ka tashi yin motsi, wata hanya a cikinsu takan ɗage birkin ga wannan motsin kaɗai, wata kuma ta ƙara matse shi ga motsin da zai kawo cikas. Shi ya sa hannunka ke tafiya kai tsaye ga kofin, ba ya fizga gefe.

Sinadarin dofamin ne ke daidaita hanyoyin biyu. Wani ɗan baƙin yanki mai suna sabstanshiya nigra ne ke samar da shi. Wannan zagayen ne kuma ke riƙe da motsin da ya zama jiki, irin kaɗa hannu a tafiya, wanda kake yi ba tare da tunani ba.

Idan birkin ya yi yawa

Cutar Parkinson ke nan, wadda likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817. Ƙwayoyin da ke samar da dofamin suna mutuwa a hankali, kuma kafin alamu su fito fili an riga an rasa kaso mai yawa daga cikinsu. Motsi ya yi nauyi, jiki ya sage, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Hannu kan yi rawa idan yana hutawa, yatsu kamar na mai jan carbi, galibi a gefe ɗaya da farko. Wani ma ba ya karkarwar ko kaɗan.

A nan iyali ke yawan kuskure. Ƙarfin tsokar majiyyaci yana nan, fara motsin ne ke gagara. Za ka ga dattijo ya kafe a bakin ƙofa, amma da an ja layi a ƙasa ko an ƙirga masa "ɗaya, biyu", sai ya taka, domin ƙwaƙwalwa ta dogara da ido da kunne maimakon zagayen da ya samu matsala. Ba ganganci ba ne, ba lalaci ba ne. Fuskar da ta daina nuna fara'a ma daga cutar take, ba fushi yake da kowa ba.

Maganin lebodofa, wanda ke cikin ƙwayar Sinemet, yana rikiɗa ya zama dofamin a ƙwaƙwalwa. Yana sauƙaƙa motsi ƙwarai, ko da yake ba ya warkar da cutar. A sha a kan lokaci, kuma kada a daina shi farat ɗaya.

Idan birkin ya saki

Sai motsin da ba a so ya riƙa kuɓucewa, gaɓoɓi na fizga da murɗewa. Cutar Huntington, wadda ake gado, misali ce. Wadda ya kamata iyaye su fi sani ita ce ta Sydenham, mai kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaron da ba a magance ba. Yaro ya kasa zama cik, abu na suɓuce masa, har a ɗauka iska ce. Motsin kan lafa da kansa, amma dole a duba zuciyarsa, domin cutar na iya taɓa ta, kuma yakan buƙaci allurar fenisilin na tsawon shekaru.

Wasu magunguna ma na toshe aikin dofamin, kamar Maxolon na amai, da Haldol da Largactil na taɓin hankali. Sukan jawo sagewa, karkarwa, murɗewar wuya ko juyewar ido sama. Don haka idan za ka asibiti, tafi da duk magungunan da ake sha, ka kuma ɗauki bidiyon motsin a waya, domin wani lokaci yakan ɓuya a gaban likita.

Idan kuwa matsalar ta zo kwatsam, gefe ɗaya ya mutu ko ya shiga fizga da ƙarfi, ko baki ya karkace, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. A garzaya asibiti nan take.