Limamin da Ya Karanta Gajimare a Havana

Duk sanda na ji ana yabon mutanen Kyuba kan yadda suke tarar mahaukaciyar guguwa, sunan Benito Viñes ke fara faɗo mini. Limamin Katolika ne ɗan Sifaniya, ya iso Havana a 1870 ya karɓi ɗakin duba yanayi na kwalejin Belén. Idonsa da ma'aunin nauyin iska ne babban jarinsa. Ya lura cewa siraran gajimaren can ƙololuwa na nuna inda guguwa take tun tana nesa a teku. A Satumbar 1875 jaridu suka buga gargaɗinsa, guguwar kuwa ta zo.

Sai dai a ganina sani daban, kwashe jama'a daban. A 1963 guguwar Flora ta yi kwanaki tana sheƙa ruwa a gabashin tsibirin Kyuba, kogin Cauto ya tumbatsa, sama da mutum 1,000 suka rasu. Daga nan gwamnati ta gina madatsun ruwa, ta sake tsara rundunar kare farar hula. Tun 1986 ake atisayen Meteoro duk shekara kafin Yuni: a sassare rassan itatuwa, a yashe magudanai, unguwa ta san gidan da tsohuwa ke zaune ita kaɗai da motar da za ta ɗauke ta.