Kalmomin da Suka Gunduri Jama'a: Hausar Taro da ta Rediyo a Kudancin Kano

Akwai wasu kalmomi a Hausar yau da ba sa barin bakin jami'an gwamnati, 'yan siyasa da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda talaka ke yamutsa fuska da zarar ya ji su: tallafi, wayar da kai, masu ruwa da tsaki, romon dimokuraɗiyya, shawo kan lamarin. Babu baƙuwa a cikinsu in ban da dimokuraɗiyyar, don haka ba rashin fahimta ne ke sa a ƙi su ba. Laifinsu shi ne suna ba mai magana damar ya cika minti goma bai faɗi wanda zai yi aiki ba, bai faɗi nawa za a kashe ba, bai kuma sa rana ba. Ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Kano, ta sha jin irin wannan Hausa, domin tana da daji da dam da makiyaya da manoma, abubuwan da kowace gwamnati ke son yin jawabi a kansu.

Hausar hukuma tsohuwa ce. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka kuma buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, 'yan jarida ke neman yadda za su faɗi al'amuran mulkin zamani da harshen gida, kuma sun yi aikin da ya kamata a yaba. Yawaitar kalmomin ce sabuwa. Komawa mulkin farar hula a 1999 da buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano, irin su Freedom a 2003, sun haifar da sojojin baka, masu sayen fili su yabi uban gida. A bakinsu ne romon dimokuraɗiyya ya tsufa, har mai sauraro ya fara tambayar wa ya cinye naman da aka bar masa romo.

Tallafi ya fi kowace kalma shan wahala. A asali, ana tallafar wanda zai faɗi ne, ko maraya, ko dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, kuma mai tallafa ba ya sakin hannu sai wanda ya riƙe ya tsaya da ƙafarsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kuɗin mota da na taki da na man injin ban-ruwa suka tashi. Abin da aka raba daga baya don rage raɗaɗi, shi ma sunansa tallafi. Manomin masara a Doguwa ya ji an cire tallafi, ya kuma ji an kawo tallafi, alhali na farko ya shafi kowane buhu da zai kai kasuwa, na biyun kuwa 'yan kwanukan shinkafa ne da mai unguwa zai raba wa gidaje da yawa, in ma sun iso. Kalma ɗaya ta daidaita abubuwa biyu da ba su kusa da juna a nauyi, kuma wannan daidaitawar mai mulki take yi wa amfani.

Wayar da kai kuwa da raini a cikinta, domin tana ɗauka kan mai sauraro a duhu yake. An gama dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma tun lokacin mutanen wannan yanki ke noman rani da kamun kifi. Duk da haka akan kafa rumfa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a jera kujerun roba, mai gabatarwa ya ɓata rabin lokaci yana jero sarautu da muƙamai, sannan a shaida wa manomi muhimmancin taki, shi da ya zo jin farashinsa. A irin wannan taro ake kiran masu ruwa da tsaki. Bahaushe na cewa wane ya yi ruwa ya yi tsaki a magana idan ya shiga cikinta dumu-dumu. A taron kuwa, masu wannan suna su ne na kan babban tebur. Wanda gonarsa ko garkensa ake magana a kai yana can baya a tsaye.

Harshen tsaro ya fi muni, saboda rai ake magana. Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, ya yi ƙaurin suna wajen satar shanu da garkuwa da mutane a wajajen 2015, har sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye a 2017. A sanarwar irin wannan lokaci akan ji an shawo kan lamarin, ana kan bincike, za a hukunta ɓata-gari. Waɗannan "an" da "ana" da "za a" nahawu ya halatta su, amma suna share mai aiki daga jimla, ta yadda babu wanda za a je wa a tambaya. Ita ma ruga, sunan mazaunin Fulani da kowa ya sani, ta zama sunan shirin gwamnatin tarayya da aka dakatar a Yulin 2019 saboda ce-ce-ku-ce, ko da yake gwamnatin Kano ta Ganduje ta kafa nata matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya na Ƙiru.

Ana iya cewa kowace sana'a da yarenta, kuma mai fassara labarai da agogo ke kora dole ya riƙe kalmomin da ya saba. Gaskiya ne, amma hujjar ba ta wanke jami'in da ya rubuta jawabinsa a natse ba. Dillalan hatsi da na shanu a kasuwannin yankin su ma suna da nasu yaren: la'ada, tayi, albarka, sallamawa. Baƙo na iya rikicewa, amma ba a jin kowa na ƙorafi a kansu, domin kowacce tana ɗaure wani da wani abu. Wanda ya ce albarka ya ƙi tayin ke nan, wanda ya ce ya sallama kuwa ba shi da ikon janyewa, kuma akwai shaidu a wurin.