Kwarin Kubanni Da Tafkinsa: Yadda Ruwa Ya Sassaƙa Ƙasar Zariya

Kubanni ƙaramin kogi ne da ke ratsa Zariya a Jihar Kaduna. Yana tasowa daga tuddan yankin Shika da ke arewa maso yammacin gari, ya bi ta harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya wuce tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, sannan ya zuba a Kogin Galma. Shi kuwa Galma reshe ne na Kogin Kaduna, wanda ke kai ruwansa Kogin Neja.

Yanayin ƙasa

Zariya na kan shimfiɗaɗɗen tudu da ya ɗara mita 600 daga doron teku. A ƙarƙashinta akwai tsofaffin duwatsu masu tauri, waɗanda suka yi tsiri a wurare irin su Dutsen Kufena. A bisansu kuma akwai jar ƙasa da marmara. Ruwan saman da yankin ke samu ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa na sauka ne daga Mayu zuwa Oktoba. Don haka kogin ke da fuska biyu: a Agusta ya cika ya batse da jan ruwa, a tsakiyar rani ya koma ɗan siririn rafi.

Wannan ruwa na damina shi ne ya sassaƙa kwarin a tsawon dubban shekaru. Yana zaizaye tudu, ya jibge laka a gangare, inda ta zama fadama. A wannan fadama manoman rani ke noma rake da tumatir da alayyafo da sauran kayan miya da ake kaiwa kasuwannin gari.

Tafkin

Tafkin Kubanni, wanda aka fi sani da dam ɗin jami'a, aikin hannun ɗan Adam ne. Jami'ar, wadda aka kafa a 1962, ta datse kogin a shekarun 1970 domin samar wa ɗalibai da ma'aikata ruwan sha.

Za a fi gane halin da yake ciki idan aka kwatanta shi da tafkunan tsaunukan Alps na Turai. A can, ƙanƙara ce mai kaurin ɗaruruwan mitoci ta riƙa gangarowa a hankali, tana nuƙe dutse, har ta haƙa kwaruruka masu faɗin gindi kamar komin shayar da dabbobi. Da ta narke fiye da shekaru 10,000 da suka wuce, sai ruwa ya cike ramukan. Haka Tafkin Jeniba, da ke tsakanin Suwizalan da Faransa, ya samu: faɗinsa murabba'in kilomita 580, zurfinsa kuma ya kai mita 310. Kogin Rhone na zuba masa laka dare da rana, amma girmansa ya sa cikarsa sai bayan dubban shekaru. Tafkin Kubanni ba shi da irin wannan rata, domin zurfinsa 'yan mitoci ne kawai.

Barazanar laka

Gudun kogi na mutuwa da zarar ya shiga tafki, sai yashi da lakar da ya ɗauko su kwanta a ƙasa. Masana labarin ƙasa na jami'ar sun sha auna tafkin, sun kuma tabbatar da cewa zurfinsa ya ragu tun bayan gina shi. Abubuwan da ke hanzarta hakan sanannu ne: noma har bakin gaɓa, sare itatuwa, haƙar yashi, da gine-ginen da ke hana ƙasa shan ruwa, sai ya kwaranyo da ƙarfi yana tsaga kwazazzabai.

A ƙasan madatsar, matsalar ta ƙazanta ce. Magudanan unguwanni na tura shara da ruwan datti cikin kogin, kuma da shi ake ban ruwan wasu lambuna. Inda shara ta toshe hanyar ruwa ko aka yi gini a kan fadama, ambaliya kan biyo baya a tsakiyar damina.

Yashe tafki na da tsada, kuma ba ya ɗorewa muddin tudu na ci gaba da zaizayewa. Shi ya sa masana ke ba da fifiko ga dasa itatuwa da barin ciyawa a gaɓar kogin, tun daga Shika har zuwa mahaɗarsa da Galma.