Hawan Dutsen Kilimanjaro: Hanya, Kaya da Haɗari

Dutsen Kilimanjaro da ke arewacin Tanzaniya, kusa da garin Moshi, shi ne mafi tsayi a nahiyar Afirka, da mita 5,895. A shekarar 1889 ne Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka isa ƙololuwarsa, wadda a yau ake kira Uhuru.

Hawansa tafiyar ƙafa ce ta kwana biyar zuwa tara, gwargwadon hanyar da aka zaɓa. Hanyar Marangu tana da ɗakunan kwana, ta Machame kuwa sai a tanti. Hukuma ba ta barin kowa ya hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba.

Abin da ya fi kayar da masu hawa shi ne ƙarancin iskar shaƙa. Daga mita 2,500 zuwa sama mutum kan fara jin ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci, kuma ƙarfin jiki ba ya kare kowa daga wannan. Shi ya sa 'yan jagora suke yawan cewa "pole pole", wato sannu-sannu da harshen Swahili. Idan numfashi ya gagara ko da a zaune, ko tafiya ta koma tangaɗi, alama ce ta taruwar ruwa a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa. A nan babu jira, sai a sauko, ko da tsakar dare ne.

Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, domin sabo yana fitar da bororo. Tufafin auduga suna riƙe gumi su ƙara sanyi. Tocila ta goshi wajibi ce, saboda da tsakar dare ake tasar wa ƙololuwar, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa.